Ciwon Muƙamuƙi: A Gano Tushe Kafin a Taɓa Haƙori





Zan fara da wata baiwar Allah da ɗanta ya kawo mana asibiti shekarun baya. Ta haura hamsin. Ta shigo ta rufe gefen fuskarta na dama da mayafi, ba ta son magana, ɗan ne yake ba da bayani a madadinta. Ya ce kusan shekara biyu ke nan tana fama da ciwon muƙamuƙi, an cire mata haƙora uku ɗaya bayan ɗaya, kowane lokaci a ce wannan ne mai laifin, amma ciwon yana nan inda yake. Na matso da kujera na ce, "Hajiya, ki daure ki faɗa mini da bakinki, yaya ciwon yake zuwa?" Ta yi shiru, can ta ce, "Likita, kamar wutar lantarki ce ta ja ni. Ba ya daɗewa, amma in ya zo sai na ji kamar raina zai fita. In na zo alwala, ruwa ya taɓa nan, sai ya tashi." Da jin haka jikina ya yi sanyi. Ciwon da take bayyanawa ba na haƙori ba ne, na jijiyar fuska ne. An bar jaki ana dukan taiki har shekara biyu, kuma haƙorin babba in ya fita ba ya dawowa.

Wannan mata ce ta sa na zaɓi wannan magana a yau. Abin da muke kira ciwon muƙamuƙi ba cuta ɗaya ba ce. Suna ne da muka ba wurin da muke jin zafi, kuma sau da yawa inda ake jin zafin daban, inda tushensa yake daban.

Ina roƙon kowa ya ɗora ɗan yatsansa a gaban kunnensa, ya buɗe baki a hankali ya rufe. Abin da kuka ji yana motsi a ƙarƙashin yatsa shi ne gaɓar muƙamuƙi, inda ƙashin muƙamuƙin ƙasa ya haɗu da ƙoƙon kai. Gaɓa ce mai ban mamaki. Gwiwa lanƙwashewa take yi ta miƙe, ita kuwa wannan tana juyawa kamar ƙyauren ɗaki, sannan ta zame gaba, ta kuma karkata hagu da dama idan ana tauna. A tsakanin ƙasusuwan biyu akwai wani ɗan faifai na guringuntsi da ke tafiya tare da ƙashin, yana hana su gogar juna. Gaɓoɓin biyu, na hagu da na dama, ƙashi ɗaya suke riƙe da shi, ɗaya ba ta motsi sai da 'yar'uwarta. Yanzu ku cije haƙora, ku taɓa kumatu: wannan tsoka da ta taso ita ce babbar tsokar tauna. Akwai wata a gefen kai, tsakanin ido da kunne. Su ne ke aiki tun daga sallamar asuba har hirar dare.

Abin da ke rikita mai ciwo, har wani lokaci ya rikita likita, shi ne jijiya ɗaya ce ke ɗaukar saƙon jin zafi daga kusan dukan wannan yanki zuwa ƙwaƙwalwa. Tana fitowa daga cikin kai ta rabu gida uku: reshe ɗaya ya nufi goshi da ido, ɗaya kumatu da haƙoran sama, ɗaya muƙamuƙin ƙasa da haƙoransa da gaɓar nan da wani sashe na kunne. Tunda hanyar ɗaya ce, ƙwaƙwalwa takan kasa tantance daga wace ƙofa saƙon ya fito. Shi ya sa mutum zai yi ta ɗiga magani a kunne alhali haƙorin tauna na ƙasa ne ya ruɓe. Wani kuma ya rantse haƙori ne ke masa ciwo, a duba a ga haƙorin lafiya lau, tsokar kumatu ce ta gaji.

Duk da labarin da na fara da shi, gaskiya ita ce a wurinmu haƙori ne ya fi kowa laifi, don haka da shi ake fara bincike. Mutanenmu sukan ce tsutsa ce ke cin haƙori, har akwai masu yawo kasuwa-kasuwa suna turara hayaƙi a baki suna nuna wa mutane tsutsa a cikin kwano. Babu wata tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune a dattin da ke manne wa haƙori, suna cin sukarin da muka sha, suna fitar da wani ruwa mai tsami da ke zaizaye haƙorin sannu a hankali. Alawa, lemon kwalba, shayi mai sukari cokali huɗu, su ne abincinsu. Da farko rami ne ƙarami da ba ya ciwo. Daga nan sai a fara jin tsami idan an sha ruwan sanyi ko abu mai zaƙi. A wannan mataki ciko kawai ake yi, a gama cikin rabin sa'a. In aka bari ramin ya kai ga jijiyar da ke tsakiyar haƙori, sai ciwon nan mai zuga ya zo, wanda ke tsananta da dare idan an kwanta, ya hana barci, ya harba har kunne da gefen kai.

A nan ne nake son ku saurare ni da kyau. Bayan kwanaki ana wannan azaba, ciwon yakan ɗauke ɗif. Mai shi ya yi hamdala, ya ce maganin da ya sa ya yi aiki. Ba warkewa ya yi ba, jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar sun samu hanya, sun bi saiwar haƙorin sun gangara cikin ƙashi, suna tara mugunya. Bayan makonni ko watanni sai kumatu ya kumbura. Idan haƙoran tauna na ƙasa ne, mugunyar na iya bi ta ƙarƙashin harshe da ƙarƙashin haɓa, ɓangarorin biyu su kumbura su yi tauri kamar katako, harshe ya tashi sama ya koma baya, ya toshe hanyar numfashi. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ne ya bayyana wannan yanayi a 1836, har yau da sunansa ake kiransa a asibiti. Na ga magidanta majiya ƙarfi da aka kawo cikin dare a wannan hali, miyau na zuba, ba sa iya kwanciya, wasu an ceto su, wasu Allah ya karɓi abinsa. Tushen duka haƙori ɗaya ne da aka yi wata shida ana lallaɓa shi. Masu ciwon sukari su suka fi shiga wannan haɗari. Saboda haka duk wanda ya ga kumburi a muƙamuƙi tare da zazzaɓi, ko bakinsa ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar miyau ta gagara, ko muryarsa ta sauya, kada ya jira gari ya waye.

Abubuwan da ake zuba wa haƙori a gida suna ba ni tsoro. Na ga wanda ya ɗiga ruwan batir, na ga wanda ya sa fetur, na ga mai danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi har naman ya ƙone ya yi fari. Kanumfari dai iyayenmu sun yi gaskiya, yana da wani mai da ke kashe zafi na ɗan lokaci, mu ma muna amfani da irinsa a wasu kayan aikinmu, amma ba ya cike rami. Haka su ja-da-yalo da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kyamis ba tare da takardar likita ba: sukan kwantar da kumburi na mako biyu, ya sake dawowa, domin gidan cutar yana nan cikin haƙorin da jini ba ya shiga balle magani ya kai. Magani na gaskiya ɗayan biyu ne: ko a buɗe haƙorin a wanke cikin saiwarsa a cike, ya ci gaba da aiki, ko a cire shi idan ya wuce gyara. Kuma cire haƙorin sama ba ya taɓa ido, kamar yadda ake faɗa. Mai juna biyu ma ana duba ta a yi mata aiki, ta dai sanar da likita tana da ciki.

Matasa kuma akwai nasu. Haƙoran ƙarshe guda huɗu da ke cika talatin da biyu sukan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25. Idan wuri ya yi musu kaɗan sai su fito rabi, ko su kwanta a karkace, dasashi ya rufe wani sashe, abinci ya riƙa maƙalewa a ƙarƙashi. Wurin ya kumbura, baki ya yi wari, buɗe shi ya yi wuya. Kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri yana taimakawa, amma in abin yana dawowa a kai a kai, hoto ake ɗauka a ga yadda haƙorin ya kwanta a yanke shawara.

To, idan an duba haƙora an ga lafiyarsu ƙalau fa? Sai mu koma ga gaɓar da kuka taɓa ɗazu da tsokokinta. Wannan ciwo ya fi kama mata, musamman daga shekara ashirin zuwa arba'in. Ba ya zuga kamar na haƙori. Wani nauyi ne da gajiya a gaban kunne da kumatu, yana ƙaruwa in an yi tauna ko doguwar magana, wani lokaci da ciwon gefen kai, ko a ji kunne kamar ya toshe. Wasu da shi suke tashi da safe, muƙamuƙi a ɗaure. Irin waɗannan nakan tambayi wanda suke kwana ɗaki ɗaya, domin mai gurza haƙora cikin barci bai san yana yi ba, sai matarsa ko mijinta ya ce ai duk dare sai an ji ƙaras-ƙaras. In ka duba bakin sai ka ga kan haƙoran ya side, gefen harshe da shatin haƙora.

Akwai kuma cizon rana, wanda ya fi na dare yawa. Mutum yana tuƙi cikin cunkoso, ko yana lissafin kuɗin makarantar yara, ko tana tunanin abin da ke faruwa a gidanta, haƙora a cije ba a sani ba. A ƙa'ida, idan mutum ba ya tauna ba ya haɗiya, haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa. Leɓe a rufe, amma akwai 'yar tazara a tsakani. Ku gwada yanzu ku gani, na tabbata a ɗakin nan akwai waɗanda nasu a haɗe suke. Tsokar da aka hana hutu daga safe zuwa dare dole ta yi ciwo, kamar yadda hannu zai yi in ka yini da dunƙulallen hannu. Idan na tambayi mai irin wannan ciwo, "Me ke damun ki a kwanakin nan?" sau da yawa hawaye ne ke fara ba ni amsa. Ba ina cewa ciwon na ƙarya ba ne. Ciwo ne na gaske a tsoka ta gaske, amma damuwa ce ke hura masa wuta, kuma likitan da bai yi wannan tambaya ba ya bar rabin aikinsa.

Sai abin da muke ɗora wa muƙamuƙi da kanmu: goro daga safe har dare, cingam, rake, aya busasshiya, ganda, kilishi mai tauri, fasa ƙashi don a sha ɓargo, buɗe kwalbar lemo da haƙori, tauna a gefe ɗaya shekara da shekaru saboda ɗaya gefen akwai haƙori mai ciwo ko giɓi.

Mutane da yawa suna zuwa a tsorace saboda muƙamuƙinsu na ƙara, ƙas, idan sun buɗe baki. Faifan guringuntsin nan ne ya ɗan zame gaba, ƙashin yana hawa kansa yana sauka. In babu ciwo, kuma baki na buɗuwa yadda ya kamata, ba ya bukatar magani, kuma mutane masu yawa suna da shi har tsufa ba abin da ya same su. Abin da ke bukatar a duba shi ne baki ya riƙa maƙalewa, ko ya kasa buɗuwa. Ma'aunin yana hannunku: lafiyayyen baki yana ɗaukar yatsu uku na mai shi a jere a tsaye, wato wajen milimita 40. In biyu ma da ƙyar suke shiga, a zo a gani.

Game da maganin wannan ciwo, likitanci kansa ya yi tuntuɓe kafin ya gane hanya. A 1934 wani likitan kunne a Amurka, James Costen, ya danganta ciwon da rashin haƙoran baya da yadda haƙora ke haɗuwa. Shekaru da dama bayan haka aka yi ta goge wa mutane haƙora, ana sake musu cizo, ana yi wa gaɓar tiyata, wasu suka fito da ciwon da ya fi wanda suka shiga da shi. Binciken da ya biyo baya ya nuna yanayin cizo ba shi ne babban dalili ba, kuma mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi da abubuwa masu sauƙi. Ra'ayina a nan ba ya rawa: kada a fara da abin da ba a iya mayar da shi. Duk wanda ya ce zai goge miki lafiyayyun haƙora ko ya cire su don maganin ciwon gaɓa, ki nemi ra'ayin likita na biyu.

Abin da muke farawa da shi shi ne hutu. Mako biyu ko uku a koma abinci mai laushi, kunu, fate, tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa, fura da nono, ƙwai, kifi. Nama a yanka shi ƙanana. A ajiye goro da cingam. A jiƙa tsumma a ruwan ɗumi a gasa kumatu minti goma sha biyar, sau biyu ko uku a rana, a murza tsokar a hankali da yatsu. In hamma ta zo a tallafi haɓa da hannu. A riƙa tuna wa kai a raba haƙora, a ɗora kan harshe a bayan haƙoran sama na gaba. Nakan ce wa marasa lafiyata su ɗaura wannan da wani abu da suke yi kullum, kamar duk lokacin da suka ɗauki waya ko suka ji kiran salla. Farasitamol na taimakawa. Su ibufurofen da daikulofenak sun fi ƙarfi, amma na 'yan kwanaki ne, kuma mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu su nisance su sai da izinin likita. Ƙodoji da yawa sun lalace a ƙasar nan saboda shan waɗannan ƙwayoyi kamar gyaɗa. Masu gurza haƙora da dare akan yi musu wata roba daidai bakinsu da suke sawa in za su kwanta, don ta kare haƙoran. Sashen gashin ƙashi suna koyar da motsa muƙamuƙi, kuma yana aiki ƙwarai. Kaɗan ne ake kaiwa ga wanke gaɓar da allura, waɗanda ake yi wa tiyata kuwa sun fi haka ƙaranci.

Gocewar muƙamuƙi kowa ya san labarinta: mutum ya yi doguwar hamma ko dariya, baki ya tsaya a buɗe ya ƙi rufuwa. Ba iska ba ce, ba kuma a gyara ta da mari. Kan ƙashin ne ya zarce gaba ya kasa komowa. Ma'aikacin da ya iya yakan ɗora manyan yatsunsa a kan haƙoran baya na ƙasa, ya danna ƙasa sannan baya, ƙashin ya koma. Wannan dabara tana rubuce a wata takardar likitancin Masar ta dā mai kimanin shekara 3,600. In an zo da wuri aikin minti kaɗan ne. In an yi makonni, sai an sa mutum barci, wani lokaci sai tiyata. Karaya kuwa, yawancin waɗanda muke gani daga hatsarin babur suke, ba hular kwano. Alamarta ita ce bayan faɗuwa ko naushi mutum ya ji haƙoransa ba sa haɗuwa yadda suka saba, ko leɓensa na ƙasa ya mutu. Wannan ba aikin ɗori ba ne, domin in ƙashin ya haɗe a karkace, cizon ya tafi ke nan.

Iyaye mata, ga taku. Yaro ya faɗo daga bishiya ko katanga ya bugi haɓa, aka ɗinke ɗan yankan da ke haɓar aka koma gida. Ƙarfin bugun yakan tafi can sama ya fasa kan ƙashin da ke cikin gaɓa, ba wanda ya lura. Watanni na wucewa bakin yaron na raguwa, har ƙashin ya manne da ƙoƙon kai, haɓar ta daina girma. Akan kawo mana su suna da shekara goma sha biyar, ana tura musu abinci ta giɓin haƙori. Ciwon kunne mai zubar da mugunya da aka yi sakaci da shi ma yana jawo haka. Duk yaron da ya bugi haɓa, a sa ido kan buɗe bakinsa.

Haka nan cutar noma, mai cin naman fuska, wadda ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Da gyambo a dasashi da warin baki take farawa, sai kumatu ya kumbura, cikin kwanaki kaɗan nama ya ruɓe. A farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtace baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Waɗanda suka rayu bayan ta yi nisa, da yawansu muƙamuƙinsu a ɗaure yake. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Yanzu ga waɗanda tushensu ba ya cikin baki sam. Mafi girmansu zuciya ce. Dattijo mai hawan jini ko ciwon sukari da ya ce muƙamuƙinsa na ƙasa yana ɗaurewa idan ya hau bene ko ya yi sauri zuwa masallaci, in ya tsaya ya huta sai ya saki, wannan zuciyarsa ce ba ta samun isasshen jini. Idan ciwon ya zo da nauyin ƙirji, ko gumi mai sanyi, ko tashin zuciya, ko haki, ko ya sauka kafaɗa da hannu, to bugun zuciya ake tsoro, a nufi sashen gaggawa nan take a yi gwajin zuciya. Mata da masu ciwon sukari sukan zo ba tare da ciwon ƙirji mai tsanani ba, shi ya sa ake yawan kuskure nasu.

Wanda ƙusa ko kara ya soke shi, ko ya yanke a gona, bayan kwana uku zuwa mako uku ya ji muƙamuƙi ya sandare, wuya ya yi tauri, wannan cutar sarƙe-haƙora ce, tetanus, kuma tana kisa. Jaririn da aka yanke wa cibiya da abu mara tsabta ya daina kama nono, ita ce. Rigakafinta na cikin alluran da ake yi wa jarirai da masu juna biyu. Wanda ya haura hamsin kuma, ya samu sabon ciwon gefen kai, muƙamuƙi na gajiya in ya fara tauna, gani na dishi-dishi, kumburin jijiyar jini ne da ke iya makantarwa cikin kwanaki. Ya fi yawa a Turai, amma duk inda aka gano shi, a ranar ake fara maganinsa. Mura mai toshe kogunan ƙashin fuska tana sa haƙoran sama ciwo, musamman in an sunkuya. Hangum kuwa iyaye sun san shi. Masu sikila ma ciwonsu yakan sauka a ƙashin muƙamuƙi, har haɓa ta mutu.

Akwai wanda ya fi ba ni baƙin ciki, domin shi ba ya ciwo da farko. Kumburi ne a ƙashin muƙamuƙi da ke girma sannu a hankali, haƙora su fara girgiɗa ba dalili. Tunda ba zafi, sai a yi shekara uku ana shafe-shafe da tsaga, a zo lokacin da sai an yanke rabin muƙamuƙin, alhali da an zo yana ƙarami aikin kaɗan ne. A yara akwai wani ciwon daji mai saurin girma da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda ya fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Cikin makonni yake cika fuska, amma yana jin magani sosai in an fara da wuri. Manya masu shan sigari ko sa taba a leɓe, duk gyambon bakin da ya wuce mako uku bai warke ba, a kawo a ɗebi ɗan nama a auna.

Za ku ce, likita, duk wannan ta yaya za a rarrabe? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fiye da rabin ganewar daga bakin mai ciwo take fitowa, kafin a kunna kowace na'ura. In za ku zo, ku zo da amsar waɗannan: yaushe ya fara, da yatsa ɗaya za a iya nuna wurin ko da tafin hannu, zuga yake ko nauyi ko fisga, daƙiƙa nawa ko sa'a nawa yake ɗauka, me ke tayar da shi, ruwan sanyi ko tauna ko tafiya ko taɓa fuska, da safe ya fi ko da dare. Ku zo da kwalayen duk magungunan da kuka sha, har na gargajiya, ba don a yi muku faɗa ba. Maigida, in ka kawo iyalinka, ka bar ta ta yi bayani da bakinta. Likita zai duba haƙora ɗaya-ɗaya, ya ƙwanƙwasa su, ya gwada su da sanyi, ya latsa tsokoki da gaɓa, ya auna buɗewar baki, ya shafa wuya, ya leƙa kunne. Daga nan ne zai san ko ana bukatar ƙaramin hoton haƙori, ko babban da ke nuna muƙamuƙi gaba ɗaya, ko hoton kwamfuta don ƙashi, ko gwajin jini, ko na zuciya. A fara da likitan haƙori na asibiti mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsa, asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna da sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. Ku kuma 'yan'uwana ma'aikata, idan mai ciwo ya nuna haƙori ya ce a cire, kuka duba ba ku ga laifinsa ba, ku ajiye abin cirewar, ko da zai yi fushi.

Hajiyar da na fara da ita, mun tura ta wurin likitan jijiya. Irin ciwonta yakan samo asali ne daga wata jijiyar jini da ke danne jijiyar fuska a can inda ta fito daga ƙwaƙwalwa, shi ya sa farasitamol da su ibufurofen ba sa taɓa shi. An ɗora ta a kan kabamazafin, maganin da aka fi sani da na farfaɗiya, wanda ake farawa kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin kulawar likita saboda yana iya kawo jiri da mummunan ƙurji. Waɗanda maganin bai riƙe su ba akwai tiyatar da ake raba jijiyoyin biyu. Ita ba ta kai ga haka ba. Bayan mako uku ta dawo, mayafin yana kafaɗa, ita ce ta yi sallama da kanta. Ta ce ta yi alwala da ruwan randa ba ta ji komai ba. Daga baya muka yi mata haƙoran roba guda uku a gurbin waɗanda aka cire.